Na'urar sa jariri barci: sautin na yarda da shi, fitilar taurari kuwa ina da ja

Tun da na haifi ɗana na biyu, duk inda na leƙa a waya sai na ci karo da tallan abin nan: wata 'yar na'ura mai siffar kunkuru ko mujiya ko gajimare, tana haska taurari da wata a silin, tana kuma fitar da sautin ruwan sama ko na bugun zuciya. A hoton tallan jariri ya miƙe yana sharar barci, uwa ma ta samu ta runtsa. Duk wadda ta taɓa kai ƙarfe ukun dare a zaune da jinjiri a kafaɗa ta san yadda hoton nan ke shiga rai. Ni ma ya shiga nawa. Na saya, na yi amfani da ita wata da watanni, kuma abin da na gano shi ne abu biyu aka haɗa mana a kwali ɗaya, sauti da haske, alhali ba darajarsu ɗaya ba.

Sautin dai yana da tushe. Jariri ba daga wuri mai shiru ya fito ba. A cikin mahaifa yana jin gudun jini, da bugun zuciyar uwa, da kukan cikinta, da muryarta, dare da rana ba ƙaƙƙautawa. Shi ya sa uwa, ba tare da wani ya koya mata ba, take kai bakinta kusa da kunnensa tana cewa shhh, shhh. Na'urar wannan shuuu ɗin take kwaikwaya. A 1990 wasu likitoci a Landan sun gwada shi a kan jarirai 40 'yan kwana biyu zuwa bakwai. Cikin 20 da aka kunna wa sautin, 16 sun yi barci cikin minti biyar. Cikin 20 da ba a kunna wa ba, biyar kacal. Gwajin ƙarami ne, kuma a kan 'yan kwanaki aka yi shi, amma ya yi daidai da abin da na gani da idona.

Amfaninsa na biyu ma ya fi mini na farko. Barcin jariri zagaye yake yi, kowane zagaye minti 50 zuwa 60, ba kamar na babba da ke kai minti 90 ba. Kusan rabin barcin nasa mara nauyi ne: za ki ga yana motsi, yana ɗan gurnani, ido na rawa a ƙarƙashin fata. A wannan gaɓar ko ƙofa aka buga, ko yayarsa ta ƙwalla kira, shi ke nan ya farka. Sauti mai tafiya bai ɗaya yana lulluɓe irin wannan ƙarar ta ba-zata. A gidan da ke da wasu yara, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

To amma ga inda hankalina ya tashi, kuma shi ne dalilin wannan dogon rubutun. A 2014 masu bincike a Toronto ta Kanada sun ɗauki irin waɗannan na'urori guda 14, suka ƙure musu murya, suka auna ƙarfin sautin daga nisan santimita 30, da mita ɗaya, da mita biyu. Daga santimita 30, wato kamar an rataye ta a jikin gadon jariri, dukansu sun wuce desibel 50 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), iyakar da aka shawarta wa ɗakunan jarirai a asibiti. Uku daga ciki sun haura desibel 85. Wannan adadin kuwa shi ne matakin da ake gargaɗin ma'aikacin masana'anta, babban mutum, kada ya wuce awa takwas a cikinsa. Kuma ma'aunin desibel ba ƙidayar yatsu ba ce: duk ƙarin 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma.

Ku duba lamarin da kyau, iyaye 'yan uwana. Babba in ƙara ta dame shi sai ya tashi ya kashe, ko ya bar ɗakin. Jinjiri fa? Ba bakin faɗa, ba hannun kashewa, kuma yana kwance a wurin awa goma ko fiye, kowane dare, a daidai lokacin da kunnensa da ƙwaƙwalwarsa ke koyon rarrabe sautin magana. A kwalin tawa ba a rubuta komai game da nisa ko ƙarfin murya ba, sai ma madauri da aka haɗo da shi na ratayewa a jikin gado. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin uwar da ta gaji abin da kwali ya nuna mata shi za ta yi.

Gyaran ba wuya. Na ɗauke ta daga gado na kai ta can ƙarshen ɗaki, wajen mita biyu. Na rage muryar sosai. In na tsaya a bakin gadonsa na yi magana yadda na saba, ya kamata a ji ni sarai. In sai na ɗaga murya, to ta yi yawa. Haka nan duk mai kunna irin wannan sautin a waya, kada wayar ta kwana kusa da kan yaro.

Yanzu fitilar. A nan gaskiya ban ga abin da take tsinana wa jariri ba. Ana haihuwar yaro bai san dare ba bai san rana ba. Sai ya kai wata biyu zuwa uku jikinsa ke fara fitar da sinadarin melatonin a kan tsari, wanda shi ke sanar da jiki dare ya yi. Abin da ke saita wannan agogon kuwa haske ne da duhu: rana ta zama rana, dare ya zama dare. Haske mai launin shuɗi da fari shi ya fi danne wannan sinadarin, sai ga shi yawancin fitilun nan shuɗi da kore suke haskawa, suna kuma juyawa. Ɗan sati biyu ma ba ya ganin taurarin, idonsa bai fi ganin abin da ke nisan santimita 20 zuwa 30 sosai ba, wato daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta. Da nawa ya kai wata huɗu ya fara ganinsu, sai abin ya zame masa kallo. Ya bi su da ido, ya wuntsila ƙafa, ya yi ta gwaranci, barcin da ya fara ɗaukarsa ya gudu.

Wata ta ce mini ai don kada ya ji tsoron duhu ne. Tsoron duhu ba na jarirai ba ne, sai yaro ya kai wajen shekara biyu ko uku, tunaninsa ya fara ƙirƙiro abubuwa, sannan yake zuwa. Mu manya ne ke bukatar haske, don shayarwa da canza ƙunzugu, kuma 'yar fitila mara ƙarfi mai launin ja ko ruwan lemo, a ajiye ta ƙasa, ta wadatar.

Akwai kuma irin na'urorin nan da aka ɗinka cikin 'yar tsana mai laushi. Shawarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a fili take: a shekararsa ta farko jariri ya kwanta rigingine, a shimfiɗa mai tauri kuma a miƙe, ba matashi, ba bargo sakaka, ba 'yar tsana, don kauce wa toshewar numfashi da mutuwar fuju'a cikin barci. Tsanar da ke waƙa ma tsana ce, waje za ta kwana. Igiyar caji ta yi nesa da inda hannunsa zai kai. In kuma mai ƙaramin batir ce irin na agogo, a tabbata murfin a ɗaure yake da ƙusa, don haɗiye shi na iya ƙona maƙogwaron yaro cikin 'yan awanni.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne alkawarin da tallan ke yi, wai yaro zai kwana bai motsa ba har safe. Sabon jariri yana shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, cikinsa ƙarami ne, farkawa dole ce. Ba lalacewa ya yi ba, ke ma ba gazawa kika yi ba. Na taɓa jin wata na cewa in ya fara kuka sai ta ƙara wa na'urar murya har ya yi shiru, sai da gabana ya faɗi. Kukan nan ko yunwa ce, ko jiƙa, ko zafin jiki, ko ciwon ciki, ko kuma jikin uwarsa kawai yake nema. Wanda aka rufe da ƙara ba a amsa shi ba.

Yau ɗana yana da wata takwas. Sautin ruwan saman yana nan, can kan tebur kusa da ƙofa, a hankali, kuma na saita shi ya mutu da kansa bayan awa ɗaya. Ɗakin duhu ne. Yakan farka sau ɗaya, wani daren sau biyu, in ɗauke shi in shayar da shi ya koma. Taurarin kuwa yayarsa 'yar shekara huɗu nake kunna wa, mu ƙirga su tare kafin ta kwanta, sannan in kashe.