Ba ma cin alade, amma tsilarsa ba ta tambayar addini

Shekara shida ke nan harkar duwatsu ta zaunar da ni a Cifata, gabashin Zambiya. Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙauyukan wajen Katete shi ne aladu. Suna yawo sakaka kamar yadda awaki ke yi a garinmu, daga bola zuwa bayan gari. Ranar kasuwa sai ka ga dillali ya sa an danne alade, an cusa masa sanda a baki, ya jawo harshen yana dubawa. Wasu 'yan ƙulli yake nema, farare kamar ƙwayar shinkafa. In ya gani, farashi ya karye. Amma ba a zubar da naman, talaka ne ke saye da araha.

Na daɗe ina kallon abin da ido irin na Bahaushe: matsalarsu ce, mu Allah ya tsare mu tunda ba ma ci. Wata ma'aikaciyar jinya da muke haya gida ɗaya ce ta warware mini, kuma tun ranar ban sake faɗin haka ba.

Ƙofa biyu cutar take da su. Wanda ya ci naman mai ƙullin nan bai dahu ba, tsila ce za ta girma a hanjinsa, tana iya kai mita 3, kuma sau da yawa ba ya jin komai. Wannan ƙofar a rufe take gare mu. Ta biyun ita ce mai haɗari. Mai tsilar yana zubar da dubban ƙwayaye a bahayarsa. Duk wanda ya haɗiye su, a ruwa ne, a latas ɗin da ba a wanke ba ne, ko daga hannun mai girki, 'ya'yan tsutsar za su ratsa hanjinsa su bi jini, su je su yi ƙulli a tsoka, a ido, ko a ƙwaƙwalwa. Bayan shekaru sai mutum ya yanke jiki ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da cutar ta yi katutu, kashi 30 cikin ɗari na masu farfaɗiya ita ce sanadi.

Wato ba naman ne ke kai ta ƙwaƙwalwa ba, kashin ɗan Adam ne. A 1990 da 1991 an sami mutum huɗu da ita a cikin Yahudawa masu tsantseni na birnin New York, mutanen da ko mu ba mu fi su ƙyamar alade ba. Bincike ya karkata ga masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen da tsilar ta yi yawa.

To mu fa? Kasuwar aladu ta Katsit, kusa da Kafanchan, tana cikin mafi girma a Najeriya. Ana kiwonsu a ƙasar Zuru, ana yi a Yagoua ta arewacin Kamaru, inda 'yan'uwanmu ke fatauci. Rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, kasuwa ɗaya muke ci. Ba laifin kowa nake nema ba. Mai kiwo abincin 'ya'yansa yake nema. Abin da nake dubawa shi ne masai. A nan Zambiya, magidanci kan ji nauyin surukarsa ta gan shi ya nufi masai, sai ya gwammace daji, alade kuma na biye da shi. Da na ji haka dariya na yi, sannan na tuna kunyar surukai irin tamu, na tuna bayan makarantun allo da gefen tasha. A bahaya a fili ba mu da bakin yi wa kowa gori, duk da Jigawa ta yi abin a yaba a 2022 da aka ayyana ta jiha ta farko da ta rabu da ɗabi'ar.

Inda mutanen Zambiya suka sha gabanmu shi ne tambaya. Likita a nan in ya ga baligi ya fara farfaɗiya rana tsaka, tsilar na cikin abin da zai fara zargi. Mu kuwa iska ce, ko sammu. Ban raina ruƙiya ba, amma hoton ƙwaƙwalwa ba ya ɓata addu'a, kuma akwai magani, irin su albendazol, a hannun likita. Ko rigakafin aladun, a yankin Mayo-Danay na Kamaru aka gwada shi ya yi aiki.

Akwai ɗan ƙanwar mahaifiyata da ya fara faɗuwa yana da shekara 24. An kai shi gidan malamai ya fi a ƙirga, an yanka, an turara. Jiya na kira Inna, na ce ta bar maganar baƙin bunsuru tukuna, na tura kuɗin mota a kai shi Kano a ɗauki hoton kansa.