Ramin da Sarki Hezekiya ya haƙa, da burtsatsen cocinmu

'Yan'uwa cikin Kristi, salama. Wata maganar da na ji a taron cocinmu ta hana ni barci, shi ya sa nake wannan rubutu.

Rijiyar burtsatsen da ke harabar coci ta lalace wata huɗu ke nan. Matanmu suna sammako da jarkoki zuwa rafi, yara suna shan ruwan da ko akuya sai ta shinshina ta kau da kai. Da aka tayar da zancen tara kuɗin gyara, sai wani dattijon da nake ganin girmansa ya miƙe ya ce, "Mu dai mu ci gaba da addu'a, Allah zai buɗe hanya." Aka amsa da amin mai ƙarfi, aka wuce zuwa batu na gaba. Ban ce uffan ba a wurin, domin dattijon nan, Baba, ya haife ni. Amma zuciyata ta koma Urushalima, cikin wani rami mai duhu da na taɓa ratsawa da ƙafata lokacin da Allah ya ba ni zarafin zuwa ziyara.

A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya auka wa ƙasar Yahuza. Rauni babba na Urushalima shi ne ruwa. Maɓuɓɓugar da birnin ya dogara da ita, Gihon, tana can gangare wajen kwarin Kidron, inda abokin gaba zai iya kaiwa. Ka tare wa birni ruwa, ba sai ka harba kibiya ko ɗaya ba. Littafin Tarihi na biyu sura 32 ya ce Hezekiya, sarkin Yahuza, ya yi shawara da jarumawansa, aka toshe maɓuɓɓugan da ke bayan gari don kada Assuriyawa su zo su tarar da ruwa a yalwace, sannan ya karkatar da ruwan Gihon zuwa yammacin birnin Dawuda. Sarakuna na biyu 20:20 ma ya ambaci tafki da hanyar ruwan da ya yi.

Wannan hanyar ruwa tana nan har gobe. Tsawonta ya kai mita 533, an sassaƙa ta cikin dutse, kuma ruwa yana gudu a cikinta yanzu da nake maganar nan. Ranar da muka shiga, ruwan mai sanyi ya kai mini gwiwa, wani wurin ya haura. Kafaɗuna biyu suna gogar bango. Akwai inda sai na sunkuya. Na ɗaga tocila na shafa bangon da tafin hannuna, na ji sawun gatari layi-layi, kowane sara na hannun wani mutum ne da ya tsaya daidai inda nake tsaye, da fitilar mai, cikin ƙura, yana sane da cewa rundunar da ta fi kowace ƙarfi a duniya tana iya ɓullowa kowane lokaci. Da ka kusa tsakiya sai ramin ya fara karkacewa, ka ga inda aka soma sara aka fasa aka canja hanya. A nan ne ƙungiya biyu, ɗaya daga maɓuɓɓuga ɗaya daga tafki, suke laluben juna a cikin dutse.

A 1880 wani yaro ya gano rubutun Ibrananci a jikin bangon, kusa da bakin ramin ta wajen tafkin Siluwam. Yanzu dutsen yana gidan adana kayan tarihi a Istanbul. Rubutun ya ba da labarin ranar da aka haɗu: saura kamu uku a ɓulle, sai aka ji muryar mutum yana kiran ɗan'uwansa ta cikin dutse, suka yi ta sara gatari na fuskantar gatari, ruwa ya malalo daga maɓuɓɓuga zuwa tafki, nisan kamu 1,200. Abin da ya fi taɓa ni, babu sunan sarki a rubutun nan. Labarin masu sara ne kawai.

To, ina so Babana da duk masu ra'ayinsa su duba da kyau. Hezekiya ba ƙaramin mai bangaskiya ba ne. Littafi ya shaide shi da dogara ga Ubangiji fiye da sauran sarakunan Yahuza. Shi ne ya ɗauki wasiƙar barazanar Sennakerib ya hau Haikali ya shimfiɗa ta gaban Allah. Shi ne ya gaya wa jama'a cewa abin da ke tare da Assuriya hannun mutum ne, mu kuwa Ubangiji ne ke tare da mu. Amma ku lura da jerin ayoyin sura 32: kafin ya faɗi wannan magana, ya riga ya toshe ruwa, ya gyara garun da ya rushe, ya gina wani garu a waje, ya ƙera makamai da garkuwoyi. Masu tono sun gano wani ɓangare na garu mai kaurin kusan mita 7 a tsohon birnin a shekarun 1970, har ana ganin tushen gidajen da aka rushe don a samu wurin gina shi. Mutumin da ya fi kowa durƙusawa shi ne ya fi kowa sa a yi gumi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Annabi Ishaya a sura 22 ya tsauta wa mutanen Urushalima a kan wannan aiki: kun ƙirga gidaje, kun rushe wasu don ƙarfafa garu, kun yi tafki tsakanin garu biyu, amma ba ku dubi Wanda ya yi birnin ba. Gaskiya ne. Kuma ba ramin ne ya kori Assuriyawa ba. Birnin Lakish yana da garu mai ƙarfi, duk da haka ya faɗi, har Sennakerib ya sa aka sassaƙa hoton cin birnin a bangon fadarsa ta Nineba, mutane da kayansu ana kora su bauta. Sassaƙen yana Landan yau. A nasa rubutun, Sennakerib ya yi alfaharin cin birane 46 masu garu, ya ce ya kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Amma bai ce ya ci birnin ba, alhali sarakunan Assuriya ba sa ɓoye nasara. Littafi ya gaya mana dalili: Ubangiji ne ya buge sansaninsa cikin dare ɗaya.

Sai dai ku sake karanta Ishaya. Laifin da ya kama su da shi na mance Allah ne. Bai ce don me kuka haƙa ba. Mu kuwa namu ciwon akasin haka ne: muna kiran sunan Allah don mu kauce wa ɗaukar gatari. Wannan yana ba ni tsoro, domin ya yi kama da ibada. Mutum ya ce "Allah zai yi" alhali kuɗin gyaran famfon yana aljihun mutum goma da ke zaune a benci ɗaya. Haka muke yi da mai ciwon da ya kamata a kai asibiti tun da wuri, haka muke yi da rufin ajin yara.

Ruwan ramin nan yana zuba ne a Siluwam. Bayan shekara ɗari bakwai, can ne Yesu ya aiki makahon nan na Yohanna sura 9, da laka a idanunsa, ya ce ya je ya wanke. A 2004 ma'aikatan gyaran bututu suka ci karo da matakalan dutse na tafkin zamanin Yesu. Na tsaya a kansu ƙafata tana ɗigar ruwa, ina tunanin mutumin nan yana lalube yana gangarowa daga cikin gari. Ruwan da ya wanke idonsa da shi ya biyo ta inda waɗancan masu sara marasa suna suka buɗe.

Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe mai gyara zai zo ya zaro bututun ya duba. Na yi alkawarin biyan kuɗin motarsa, zumuntar mata sun ce za su dafa abinci. Muna neman matasa shida masu ƙarfi don jan bututu. Na je gida na gaida Baba jiya da yamma, na roƙe shi ya zo ya buɗe mana da addu'a, ya ce zai zo.