Kafin ka sayi tikitin zuwa gandun hamada, duba watan da za ka je

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu wajen shirya tafiyar yawon buɗe ido, kuma tana damuna ƙwarai. Mutum zai ga hoton tudun rairayi ja wur a Instagram, ko wani fili na gishiri fari fat da ido ba ya ganin ƙarshensa, ransa ya biya, ya ce shi ma sai ya taka wurin. Daga nan ya duba ranar da zai samu hutu a wurin aiki ko makaranta, ya duba lokacin da kuɗin jirgi da na masauki suka fi sauƙi, ya biya. Tambayar da ya kamata ta zo a farko, wato yaya wurin nan yake a wannan watan, ita ake bari sai ƙarshe, in ma an yi ta ke nan. A birni ko a bakin teku, iyakar abin da wannan sakacin zai jawo maka shi ne ruwan sama ya ɓata maka yini biyu. A hamada kuwa rai ake magana.

Ku duba gandun Death Valley da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. A nan ne, a wurin da ake kira Furnace Creek, aka auna zafin digiri 56.7 a ma'aunin Salshiyos ranar 10 ga Yulin 1913, kuma har yau hukumar kula da yanayi ta duniya shi take riƙe da shi a matsayin zafin iska mafi tsanani da aka taɓa aunawa a duniya. Kada wani ya ce ai wannan tsohon labari ne: an auna 54.4 a watan Agustan 2020, aka sake aunawa a Yulin 2021. A yini na yau da kullum cikin watan Yuli, zafin rana a wurin yakan kai wajen 47. Dare ma ba ya kawo sauƙin da ake tsammani, don sau da yawa ba ya sauka ƙasa da 30. Dalilin yana cikin yadda Allah ya tsara wurin. Kwari ne mai zurfi, wani sashensa mai suna Badwater ya yi ƙasa da matakin teku da mita 86, ga duwatsu masu tsawo sun kewaye shi. Iska mai zafi ta taso, duwatsun su tare ta, ta sake gangarowa cikin kwarin tana ƙara zafi. Wannan wuri ɗaya, in ka je shi a watan Janairu, rana ba ta cika wuce digiri 20 ba, ka yi ta yawonka da ƙafa har yamma. In ka ga masauki ya yi araha a tsakiyar bazara a irin wannan wuri, ka san akwai abin da ya kori mutane.

Na san amsar da da yawa daga cikinmu za su bayar: ni ai na saba da zafi, cikinsa na tashi. Wannan maganar ita ce ta fi ba ni tsoro. Zafin da ka saba da shi zafi ne mai inuwa a kusa, mai ruwa a kusa, mai mutane a kusa da za su ga ka yanke jiki ka faɗi su kawo ɗauki. Iskar hamada busasshiya ce ƙayau, gumi na fitowa take shanye shi. Rigarka a bushe, sai ka ɗauka ba ka yin zufa, alhali mai tafiya da ƙafa cikin irin wannan zafi yana iya zubar da lita guda na ruwa a awa ɗaya, ko ma fiye. Ciwon kai ne ke fara zuwa, sai jiri, sai tashin zuciya da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. In zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa, kuma a nan masifar take: hankalin da zai ce maka ka koma shi ne abu na farko da zafin ke taɓawa. Sai ka ga mutum ya bar hanya, yana surutai, yana rantsuwa lafiyarsa lau. Ƙarfin jiki da ƙuruciya ba sa hana wannan. Hasali ma mai ƙarfi shi ya fi yin nisa kafin ya faɗi, kuma nisan nan shi ke wahalar da masu nemansa.

Kada kuma ku dogara da cewa za a zo a cece ku. A watan Yulin 2024 wani mai yawo a kan babur ya rasu kusa da Badwater a ranar da zafi ya kai digiri 53, jirgi mai saukar ungulu bai iya zuwa ba. Iska in ta yi zafi sosai takan yi sakayau, fukafukan jirgin su rasa abin da za su riƙa, shi ya sa matuƙa ba sa tashi in zafin ya wuce wajen 49. Ga kuma rashin sabis na waya a mafi yawan faɗin irin waɗannan gandaye. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To wane wata ne ya dace? Abu na farko, ka san a wane ɓangaren duniya gandun yake, don nan ma ana yin kuskure. Hamadun arewacin duniya, irin su Death Valley da Joshua Tree a Amurka, da Tassili n'Ajjer a kudancin Aljeriya mai zane-zanen duwatsu sama da 15,000, da Farar Hamada ta Masar, lokacinsu daga Oktoba ne zuwa Afrilu. Na kudancin duniya kuwa a juye suke. Gandun Namib-Naukluft a Namibiya da na Uluru-Kata Tjuta a Ostareliya sun fi daɗin ziyara daga Mayu zuwa Satumba, kuma hutun ƙarshen shekara da kowa ke ɗoki shi ne tsakiyar bazararsu. Hukumomin Ostareliya ba su tsaya ba da shawara kawai ba a kan hamadar Simpson, rufe gandun suke yi ɗungurungum daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris a kowace shekara. Gwamnati ba ta rufe ƙofar da ke kawo mata kuɗi haka kawai.

Sai dai lokacin sanyi ma yana da nasa sharaɗin, kuma wanda ya ji kalmar hamada ya cika jakarsa da 'yan riguna marasa nauyi zai ji a jikinsa. Babu gajimare, babu danshi a iska da zai riƙe ɗumin yini, don haka rana na faɗuwa zafi ke tserewa sama. A kan tudun Tassili cikin Disamba da Janairu ruwa yana iya daskarewa da dare. Tsawo ma yana da nasa hukuncin: duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6. A cikin Death Valley ɗin nan akwai dutsen Telescope mai tsawon mita 3,366 wanda dusar ƙanƙara ke rufe kansa a hunturu. Don haka in ka duba hasashen yanayi, ka tabbata na wurin da za ka kwana ne, kada ka ɗauki na garin da ke kusa ka yi shiri da shi. Ka kuma tuna yini gajere ne a wannan lokacin, duhu na saurin rufe mai tafiya.

Ni a ganina watannin da ke bakin sanyi, shigarsa da fitarsa, su ne suka fi, kuma in za a ba ni zaɓi tsakanin biyun, shigar sanyi zan ɗauka. Fitarsa lokacin iska ne a wurare da yawa. A Masar guguwar hamsin na tasowa tsakanin Maris da Mayu, zafi da ƙura tare, ta rufe ido ta rufe hanya. Abin da ke jan mutane zuwa hamadun Amurka a wannan lokacin shi ne furanni, kuma gaskiya abin kallo ne, amma kada ka ɗora duk tafiyarka a kansu. Irin furen nan yana kwance cikin ƙasa shekara da shekaru yana jiran ruwan da ya ishe shi. Shekarun da Death Valley ya cika da fure fal, irin 2005 da 2016, ƙirga su ake yi. Hoton da ya ja ka wataƙila a irin wannan shekarar aka ɗauke shi. Ga cunkoso kuma, wuraren kwana na cika tun watanni kafin lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai haɗarin da kusan ba wanda ke kawo shi a ransa, shi ne ruwa. Ƙasar hamada ƙeƙasasshiya ce, ba ciyawar da za ta tare ruwa, ba ta kuma shanye shi da sauri. Ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa sai ya tattaru ya gangaro cikin kwazazzabo da laka da duwatsu da itatuwa, ya iske mutanen da ke tsaye a ƙarƙashin sama tangararau. Haka ya faru a kwazazzabon Antelope da ke ƙasar ƙabilar Navajo a jihar Arizona ranar 12 ga Agustan 1997, masu yawon buɗe ido 11 suka rasu, alhali hadarin can nesa ya zubar da ruwansa. A Satumban 2015 mutum 7 suka halaka ta wannan hanya a gandun Zion da ke jihar Utah. Kudu maso yammacin Amurka na da 'yar daminarsa daga Yuli zuwa Satumba, wato zafi da ambaliya a lokaci guda suke zuwa. Death Valley da ruwan shekararsa bai wuce milimita 60 ba, a Agustan 2022 ambaliya ta datse hanyoyinsa ta tsare mutum wajen 1,000 a ciki, a Agustan 2023 kuma ragowar guguwar Hilary ta sa aka rufe shi kusan wata biyu. Don Allah, komai kyan busasshen rafi da laushin yashinsa, kada ku kafa tanti a cikinsa. In kun ga hadari ko daga nesa ne, ku fita daga kwazazzabo ku hau tudu.

In an gama da zaɓen wata, saura zaɓen sa'a, kuma nan ne lalacinmu ke fitowa fili. A kwana ana hira da danna waya, a tashi hantsi ya dubi ludayi, a karya a tsanake, a kama hanya rana ta take. Hamada ta mai sammako ce. A Sossusvlei, wurin tuddan rairayi da ke Namib-Naukluft, ƙofar waje da fitowar rana ake buɗe ta, kuma motoci tun da duhu suke jeruwa. Wanda ya isa da wuri zai tarar da tudun rairayi ya rabu biyu, gefe guda ja kamar garwashi, ɗayan baƙi wuluk da inuwa, layin da ya raba su siriri. Yashin da sanyinsa, ƙafa ba ta nutsewa sosai, ga sawun ƙwari da ƙadangaru da suka yi yawonsu da dare a rubuce a kai, iska ba ta share ba tukuna. Dabbobin wurin sun san ƙa'idar, asuba da yamma da dare suke fitowa. Wanda ya iso da tsakar rana ba zai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Hasken ya wanke launin, tudun ya koma fili ɗaya, yashin kuma ya zama abin gudu. Ƙasa ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, an taɓa auna digiri 93.9 a kan ƙasar Furnace Creek a 1972, kuma a 2024 wani baƙo daga Beljiyom ya ƙone tafin ƙafarsa mummunar ƙuna a tudun rairayin Death Valley bayan silifas ɗinsa sun fita. Ku sa takalmi rufaffe.

Ku kuma sani zafi ba ya kai ƙololuwarsa da tsakar rana, tsakanin azahar da la'asar yake kaiwa, bayan ƙasa da duwatsu sun gama shan rana. Jami'an Death Valley suna gargaɗin kada a yi tafiyar ƙafa a cikin kwarin bayan ƙarfe 10 na safe a lokacin zafi. A Kata Tjuta, duk ranar da aka yi hasashen zafi zai kai digiri 36, ƙarfe 11 ake rufe doguwar hanyar ƙafa da ke ratsa tsakanin duwatsun. Ma'anar waɗannan lokutan ita ce ka riga ka dawo kafin su yi, don haka daga dawowa za ka fara lissafi ka komo baya har zuwa lokacin tashi. Lita 4 na ruwa ga kowane mutum a yini shi ne mafi ƙarancin abin da jami'an ke cewa a sha, mai tafiya da ƙafa kuwa ya ƙara. A haɗa da ɗan abin ci mai gishiri, don ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da gumi ya kwashe. Da zarar rabin ruwanka ya ƙare, juya, ko da wurin da ka nufa yana gabanka kana hangensa. In abokan tafiya sun ce ka cika tsoro, ka haƙura da maganarsu ka juya, ka kuma yi ƙoƙarin juyowa da su.

Mai son kallon taurari shi kuma sai ya haɗa da lissafin wata. Sararin hamada na cikin mafi tsabta a duniya, amma in ka je daren sha huɗu, farin wata zai dushe maka yawancinsu. Ƙarshen wata ko farkonsa za ka nufa. A watanni masu ɗumi macizai da kunamu da dare suke yawo, ka riƙe tocila, ka kakkaɓe takalminka da safe kafin ka zura ƙafa.

Kwana ɗaya kafin tafiya, da kuma safiyar ranar, ka shiga shafin intanet na hukumar gandun ka karanta sanarwar da suka fitar kan hanyoyin da aka rufe da gargaɗin zafi ko ambaliya. In ka isa, ka tsaya a ofishinsu ka tambayi jami'in da ke wurin, shi ya san abin da ya faru a hanyar jiya. Ka cika tankin mota tun kafin ka shiga, ka sauke taswirar wurin a wayarka tun kana da sabis, ka faɗa wa wani na gida hanyar da za ka bi da ƙarfe nawa ya kamata ya ji daga gare ka. In mota ta lalace, ka zauna a wurinta cikin inuwarta, don masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum ɗaya mai tafiya a ƙasa. In kuma hutunka ya faɗo a watan da bai dace ba kuma ba yadda za ka sauya shi, ka nemi gandu a ɗaya ɓangaren duniyar, ko ka ɗage tafiyar zuwa baɗi in Allah ya kai mu.