Pluto: binciken kisan kai da inuwar yaƙin Iraƙi

Duk wanda ya buɗe Pluto don kawai ya san wanda ke aika-aikar, a ganina ya saki reshe ya kama ganye. Naoki Urasawa, tare da Takashi Nagasaki, ya fara fitar da wannan manga, wato labarin zane irin na Japan, a mujallar Big Comic Original a 2003, ya kammala a 2009 cikin littattafai 8. Tushensa wani ɓangare ne na manga mai suna Astro Boy, wanda Osamu Tezuka ya zana a 1964, sai dai Urasawa ya damƙa ragamar labarin ga Gesicht, mutum-mutumi ɗan sandan ciki na Europol, hukumar 'yan sanda ta Tarayyar Turai, wanda ke bin sawun abin da ke hallaka manyan mutum-mutumi bakwai na duniya ɗaya bayan ɗaya, yana kafa wa gawarwakin ƙahoni a ka, alhali Gesicht kansa yana cikin bakwai ɗin.

Shekarar farawar tana da muhimmanci. A watan Maris na 2003 ne Amurka ta mamaye Iraƙi bisa zargin mallakar makaman kare-dangi da ba a taɓa gano su ba. A cikin Pluto ma wata babbar ƙasa ce ta zargi masarautar Farisa da ɓoye mugayen mutum-mutumi, aka tura tawagar bincike ba ta samu hujja ba, amma duk da haka aka gwabza yaƙi. Kashe-kashen da Gesicht ke bincike ramuwar gayya ce ta wannan zalunci.

Inda labarin ya fi ratsa zuciya shi ne babin North No. 2, ɗaya daga cikin mutum-mutumin bakwai, tsohon mayaƙin da ya koma yi wa wani makahon mawaƙi hidima a Sikotlan, yana lulluɓe makamansa da mayafi, yana roƙon a koya masa fiyano domin ba ya son komawa fagen daga. Tsohon mawaƙin ya sha korarsa da baƙar magana, kuma sai da suka fara shaƙuwa maƙiyin ya iso.

Ƙarshen kam bai kai farkon armashi ba, domin ya karkata ga ceto duniya daga wani gagarumin bam, hanyar da marubuta suka daɗe da tattakewa. Ni dai abin da ya zauna mini a rai shi ne tsohon nan da ke jiran ɗalibinsa ya dawo darasi, yana jiyo waƙarsa daga sararin sama.