Sanyin gwiwa ba rashin niyya ba ne

Na gaji da jin ana cewa duk wanda ya yi sanyi a kan burinsa, dama can bai yi niyya ba. Ana faɗin haka ne saboda an ga yadda yake rawar jiki a makon farko, sai a ɗauka haka mai niyya yake kullum.

Ɗokin farko na sabon abu ne, kuma sabo yakan tsufa. Zuciya ta saba, sakamako bai fara fitowa ba, sai jiki ya mutu. Sau da yawa ma sai an fara aikin kafin kuzari ya biyo baya.

Ɗauki mai koyon wani harshe da ya yi mako biyu bai buɗe littafi ba. In ya jira sha'awa ta dawo da kanta, zai daɗe yana jira. In ya zauna minti biyar ya maimaita kalmomi goma, ya ga ya tuna bakwai, sha'awar takan farfaɗo.

Binciken da Phillippa Lally, wata masaniyar halayyar ɗan Adam, ta yi a Landan a 2009 ya nuna sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ta ba.