Ku daina yi wa yaron nan dariya

Wallahi maganar da aka yi wurin ɗaurin auren unguwarmu ranar Asabar ta tsaya mini a rai. Kun dai ji ta, tunda har a waya an yi ta yawo da ita. Dattijo mai furfura ya buɗe baki gaban jama'a ya ce yaro ya share shekaru a waje, abokansa sun zama likitoci da 'yan duwan, shi kuwa ya dawo da takardar sanin yadda sauro ke jin wari. Aka kwashe da dariya, uban yaron na zaune ya sunkuyar da kai. Baba, da girmanka da komai, ba ka kyauta ba.

A Maraɗi ne fa ake wannan dariya. Garin da daga watan Agusta zuwa Oktoba uwaye ke kwana a likita da yara jikinsu zau da masassara. Ta yaya sauro ke samun ɗanka cikin duhu? Da wari yake samunsa: numfashinsa, zufarsa, warin fatarsa. Wanda ya zauna ya koyi wannan, maganar ran 'ya'yanmu ya koya.

Ku nemi sunan Carolyn McBride ta jami'ar Princeton a Amurka. A 2014 ta fitar da bincike a kan sauron Aedes aegypti, mai yaɗa ciwon shawara da zazzaɓin dengue. A Rabai ta ƙasar Kenya akwai iri biyu kusa da juna: na daji ya fi son dabba, na gida ya fi son mutum. Ta bi ƙwayoyin gadonsu har ta kai ga guda ɗaya, Or4, wadda ke sa na gida saurin jin wani sinadari da ke da yawa a warin jikin ɗan Adam. A 2020 ita da Noah Rose da abokan aikinsu na Afirka suka tattara ƙwan sauro daga wurare 27 a kudu da Sahara, suka ƙyanƙyashe su, suka ba su zaɓi tsakanin warin mutum da na dabba. Yawancinsu dabba suka bi. Waɗanda suka nace wa mutum na yankin Sahel ne, inda rani ke da tsawo. Dalilin da suka kawo ya girgiza ni: idan rani ya yi nisa tabki ya ƙafe, ba inda sauron zai saka ƙwai sai ruwan da mutum ya ajiye. Ya zauna kusa da mu tsara bayan tsara har jininmu ya zame masa abinci. Randarmu ce, tonnonmu ne, bidon da muka bari baki buɗe ne. Labarin Sahel ɗinmu mutanen wata nahiya suka zo suka karanta, mu kuma namu ya koyo muna yi masa dariya!

Na san za a ce ai wannan ba sauron palu ba ne. Gaskiya ne, na palu Anopheles ne, kuma tun 2002 aka karance ƙwayoyin gadonsa, hanyar binciken ɗaya ce. Za a ce gara a sayi sange da kuɗin. A saya mana, wa ya hana? Amma sauro ya daɗe da fara jure maganin da ake sa wa sangen, kuma irin karatun yaron nan ne ke nuna sauyin da ya faru a jikinsa har maganin ya daina kashe shi. Masu cewa "ina kuɗin da ya kawo gida?" ba ni da lokacinsu yau.

Kowane gida akwai wanda ake cewa jininsa zaƙi ne, sauro shi kaɗai yake gani. Leslie Vosshall ta jami'ar Rockefeller ta gwada wannan, a 2022 suka nuna cewa wasu mutane fatarsu ta fi fitar da wasu sinadarai masu tsami, kuma su sauro ya fi bi, shekara ta juya abin bai sauya ba. Abin da kakanninmu suka lura da shi ne aka auna. Ina abin dariya a nan? Ƙanena, idan wannan ya iso gare ka, kada ka karaya. Allah ya sa albarka a karatunka, ya sanyaya zuciyar mahaifinka.

Kuma tunda maganar wari ake, gafiyar nan da yara ke haƙa rami suna bi da sanda, danginta ne ƙungiyar APOPO ke horarwa a Morogoro ta Tanzaniya. Suna shinshina majina su nuna mai tarin fuka, suna gano nakiyar da aka binne a ƙasa. Ɗaya mai suna Magawa har lambar zinariya aka ba shi a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya.