Kwamiti uku a gari ɗaya: inda haɗin gwiwar ƙungiyoyin agaji yake tsayawa

Duk lokacin da damina ta ƙarato, sai mu ji a rediyo cewa ƙungiyoyin agaji sun taru a Yamai domin daidaita ayyukansu na rage haɗarin bala'o'i. Ni da na yi shekaru ina aikin fili a ƙauyukan Adar, daga Illela zuwa Keita da Buza, ina so in faɗi abin da idona ya gani game da wannan haɗin gwiwa, domin a ganina yana da ƙarfi a babban birni, yana raguwa a jaha, kafin ya isa ƙauye kuwa ya zama inuwar giginya.

Ba zan yi wa kowa rashin adalci ba, an samu ci gaba. Waɗanda suka ga shekarar 2005, bayan farin ɗango da ƙarancin ruwan 2004 sun cinye amfanin gona, suna tune da yadda farashin tiyar hatsi ya gagari talaka, da yadda cibiyoyin kula da tamowa suka cika a Maraɗi da Damagaram da nan Tawa, alhali ana ta gardama a kan ko yunwa ce ko ba yunwa ba ce. Yau irin wannan gardama ta ragu, saboda a watan Nuwamba da na Maris jami'an gwamnati da na PAM da FAO, hukumomin abinci da noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyoyi masu zaman kansu suna zama wuri ɗaya, su auna matsalar cimaka a yankuna da ma'auni guda mai matakai biyar, ƙarƙashin jagorancin cibiyar AGRHYMET, wadda ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, CILSS, ta kafa a Yamai a 1974 bayan babban farin da ya karkashe dabbobin Sahel. Akwai kuma hukumar rigakafi da magance matsalar cimaka da ke ƙarƙashin ofishin firaminista, wadda take haɗa sashen gargaɗin farko da rumbun tsimin ƙasa. A duniya ma, tun daga yarjejeniyar Hyogo ta 2005 zuwa ta Sendai ta 2015, an amince cewa shirin tarbar bala'i ya fi agajin bayan bala'i, kuma gamayyar ƙungiyoyin farar hula ta GNDR tana tura mambobinta su tambayi mutanen karkara da bakinsu abin da ke yi musu barazana.

To, ga abin da ke ƙasa. Na taɓa isa wani gari da ke bakin ƙorama, na tarar da kwamitin gargaɗi har uku, kowanne wata ƙungiya ce ta kafa shi, kowanne da rajistarsa da riguna masu tambarin mai ba da kuɗi. Da na bincika, sai na ga mutum biyar ne ko shida suke cikin dukkan ukun, domin su ne suka iya rubutu, kuma kowa ya san taro yana zuwa da kuɗin zama. Abin auna ruwan sama biyu ne a kafe bayan makaranta, ɗaya ya fashe, ɗayan kuma an daina karanta shi tun ranar da furojen ya ƙare aka daina ba sakatare kuɗin waya. Mai gari ya ce mini, cikin raha irin ta dattawa, cewa kwamiti ya yi musu yawa, buhunan yashin da za a tare bakin ƙorama ne ba su gani ba. Dukkan ƙungiyoyin nan uku suna cikin gamayya ɗaya a Yamai, shugabanninsu suna zama teburi guda kowane wata.

Alhali tsarin ƙasa ya riga ya tanadi hanya: kwamitin gargaɗi ɗaya na ƙauyuka, wanda ake kira SCAP-RU, yana miƙa rahoto ga cibiyar sa ido ta ƙaramar hukuma, ita kuma ta miƙa sama. Matsalar ita ce ma'aikatar magajin gari sau da yawa ba ta da ko kuɗin man babur da za ta bi rahoton, ƙungiyoyi kuma kowace tana da mai ba ta kuɗi da yake son ya ga nasa kwamitin a cikin nasa rahoton, cikin shekara biyu ko uku. Ƙungiyoyin da suke gasa a kan kuɗin hannu ɗaya za su iya musayar taswira da alƙaluma, amma da wuya ɗaya ta ce wa ƴar'uwarta: riƙe wannan garin, ni zan zuba nawa kason a cikin naki aikin.

Abu na biyu shi ne gargaɗin da ba ya tafe da guzuri. A Satumban 2020 ruwan kogin Isa ya kai santimita 700 a Yamai, alhali matakin jan gargaɗi 620 ne, kuma an san ruwan Sirba, kogin da ke zuba a cikinsa, yana tafe tun kafin ya mamaye unguwannin Lamorde da Kirkisoy da Saga. Sani bai yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗin da za a iya taɓawa kafin madatsar da ke tare kogin ta ɓalle, domin asusun agaji yakan buɗe ne bayan hotunan gidajen da suka rushe sun zagaya duniya. Mu a nan Tawa lamarin ya fi tsanani, tun da ƙorama ba ta ba da kwanaki, cikin dare ɗaya take sauko wa gari, kamar yadda aka sha gani a daminar 2024 da ta halaka mutum fiye da ɗari uku a faɗin ƙasar.

Idan na duba abin da ya ɗore a yankinmu, sai in ga wanda ya fita daga hannun mai kawo shi ya koma hannun jama'a ne. Aikin Keita da Italiya da FAO suka fara a 1984 ya bar gandari da madatsu, itatuwan tare iska na kwarin Majiya suna nan tsaye, tassa da rabin wata, ramukan tara ruwa a gona, sun bazu daga Illela da Badagishiri saboda manomi ya ga amfaninsu a gonar maƙwabci, asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Maraɗi a 1991 kuma yau ƙungiyoyi da yawa suna aiki da shi, mata ma suna kafa nasu ba tare da jiran kowa ba.

Saboda haka abin da nake roƙon gamayyar ƙungiyoyin nan ba sabon taron bita ba ne. Su amince cewa a kowace ƙaramar hukuma kwamiti ɗaya ne, rajista ɗaya ce, tana ajiye a ofishin magajin gari, kuma duk mai shigowa da sabon furoje a kansu zai ɗora. Su haɗa wani kaso na kuɗinsu a asusu guda, a rubuta tun da rani cewa idan farashin tiya ya kai kaza, ko ciyawa ta gaza a yankin Abalak da Cintabaraden, za a fitar da kuɗin cikin mako guda, a kai dusa da ƙwarar auduga, a sayi dabbobi daga hannun makiyaya tun suna da nama a jikinsu.